Tsoffin lambunan Italiya: haka suke a ido kamar yadda suke a hoto?

"Malam, ni mai ɗaukar hoto ne, kuma ina yawan cin karo da hotunan tsoffin lambunan Italiya irin su Villa d'Este da Boboli. Shingayen a miƙe kamar an ja su da rula, ruwa na tsiri ta ko'ina, babu ko ganye ɗaya a ƙasa. An ce wasunsu sun haura shekara 400. Shin haka suke a ido, ko dabarar masu kyamara ce? In kuwa haka suke, wa ke kula da su, da wane irin aiki, kuma da kuɗin wa?"

Tambaya uku ka ƙunsa wuri guda, Malam: ko hoton gaskiya yake faɗa, me ya sa wuraren ke karɓar kyamara haka, sannan wane aiki ne ke riƙe da su. Hoton bai yi maka ƙarya ba, illa dai ya haɗa maka abubuwa masu shekaru daban-daban a fuska ɗaya. Matakalar dutse, da yadda aka sassaƙe gangaren, da hanyar da ruwa ke bi, su ne suka haura shekara 400. Dogayen itatuwan nan masu tsini da Italiyawa ke kira cipresso, akasarinsu jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda aka fara dasawa. Shi kuwa gefen shingen da ka ce kamar an ja shi da rula, askin makonni kaɗan ne. A bar shi shekara biyu babu almakashi, ba za ka gane wurin ba. Duk wanda ya san gidan ƙasa ya san wannan hali: ginin tsoho ne, amma yaɓen da ido ke gani na bana ne, kuma ranar da aka daina yaɓe ranar ginin ya fara tafiya.

Abin da aka gina tun farko

Kalmar lambu a wurinmu ta fi kawo tunanin kayan miya da ban-ruwa. Waɗannan kuwa magina ne suka tsara su, kuma a matsayin ci gaban gida aka ɗauke su, wato ɗakuna da zaure da soro amma babu rufi. Bangon ɗakin shinge ne mai rai, daɓensa tsakuwa, kayan adonsa mutum-mutumi da ruwa.

Ɗauki Villa d'Este da ke garin Tivoli, gabas da birnin Rum. An naɗa Kadinal Ippolito d'Este, wani babban limamin cocin Katolika, gwamnan garin a 1550, Pirro Ligorio ya tsara masa lambun, aikin kuma ya kankama daga 1560. Sai da aka rushe wani sashe na unguwar aka yanke tudun hawa-hawa, tazarar sama da ƙasa ta kai kusan mita 45. Domin ruwa, an haƙa rami mai tsawon kimanin mita 600 a ƙarƙashin garin aka janyo kogin Aniene, wanda ke ba da kusan lita 300 a kowace daƙiƙa. Babu injin turo ruwa a tsarin. Gangara ce kawai: ruwan da ya fito daga maɓuɓɓugar sama shi ne ke shiga bututu ya sake tsiri a ta ƙasa, kuma tsawon tsirin ya dogara ne da bambancin tudu tsakanin matattarar ruwan da bakin bututun. Har kayan kiɗa na busa akwai, wanda ruwa ke tura wa iska, aikin wani Bafaranshe mai suna Claude Venard. An gyara shi a 2003, yana kuma yin kiɗa a sa'o'in da aka tsara.

Villa Lante da ke Bagnaia, kusa da Viterbo, ƙarami ne, amma a ganina ya fi su duka daidaito. Kadinal Gambara ne ya fara shi a shekarun 1560, ana kuma danganta zanen da wani magini mai suna Vignola. A nan gidan ne ya bi lambun: maimakon babban gida ɗaya, sai aka yi ƙananan gidaje biyu iri ɗaya, hagu da dama, aka bar tsakiya wa ruwa. Ruwan na fitowa daga kogo a can sama, ya gangaro ta wata sarƙar dutse da aka sassaƙa da siffar jatan lande (wasa ne da sunan mai gidan, domin gambero shi ne sunan wannan halitta a harshensu), ya ratsa tsakiyar wani dogon teburin dutse inda ake sanyaya abin sha, sannan ya kwanta a tafki mai kusurwa huɗu a ƙasa.

Sauran kowanne da abin da ya shahara da shi. Boboli na bayan fadar Pitti a Fulorans, Tribolo ya zana shi kafin rasuwarsa a 1550. Isola Bella tsibiri ne a tafkin Maggiore wanda iyalin Borromeo suka fara gina lambunsa a 1632, suka yi masa hawa goma da ƙasar da aka yi ta kawowa a kwale-kwale. A Caserta, kusa da Napoli, sai da Luigi Vanvitelli ya gina hanyar ruwa mai kilomita 38 kafin a samu abin da zai cika jerin tafkunan da suka miƙe kusan kilomita 3 daga fadar.

Dalilin da suke karɓar kyamara

Babban dalili shi ne an tsara su domin a kalle su daga wurare sanannu. Mutanen da suka zana su sun taso ne a zamanin da masu zanen Italiya suka ƙware a dabarar nuna nisa a kan shimfiɗaɗɗen allo, inda layuka ke tafiya su haɗu a ɗigo ɗaya. Suka ɗauki wannan suka shimfiɗa a ƙasa. Akwai layin tsakiya, akwai baranda ko saman matakala inda aka so ka tsaya, akwai abin da aka ajiye a ƙarshen layin domin idonka ya sauka a kai. Idan ka tsaya a wurin da kyamara, wani ya riga ya tsara maka hoton tun ƙarni huɗu da suka wuce. Abin da ya sa hotunan mutane dabam-dabam na wuri ɗaya suke kama da juna ke nan.

Na biyu, launi kaɗan ne. Kore mai duhu, tokar dutse, farin ruwa, jan tukwanen ƙasa. Itatuwan da aka fi dogaro da su, wato bosso na gajeren shinge, leccio da alloro na dogon shinge, da cipresso, ba sa zubar da ganye a hunturu. Saboda haka siffar lambun tana nan a Janairu kamar yadda take a Yuni, abin da ke canzawa shi ne haske da inuwa.

Abin da hoton ke ɓoyewa kuma ba kaɗan ba ne. Yana ɓoye jama'a, domin mai hoton ya shiga da an buɗe ƙofa ko ya samu izinin shiga kafin lokaci. Yana ɓoye gurbin da tsiro ya mutu aka sa ƙarami, da shingen ƙarfe na masu gyara, da maɓuɓɓugar da aka rufe. Akwai kuma abin da ba ya iya ɗauka ko da ya so: ƙarar ruwa a Tivoli da ke sa sai ka ɗaga murya, sanyin da ke bugunka idan ka fito daga rana ka shiga rumfar leccio, da hawan da ke sa gwiwa ciwo.

Tunda sana'arka ce, ga abubuwan da suka fi ɓata hoton irin waɗannan wurare. Tsakar rana ita ce babbar matsala: ganyen bosso da na alloro suna da ƙyalli, sai koren ya koma fari-fari, inuwa kuma ta zama baƙi ƙirin. Sa'a biyu na farkon yini, ko na ƙarshensa, ko rana mai siririn gajimare, su suka fi. Gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara yana dawo da koren ganye, amma yana iya share hoton gida da ke cikin tafki, don haka a wuri irin Villa Gamberaia da ke kusa da Fulorans, inda tafkunan su ne abin kallo, sai ka juya shi a hankali har ka samu tsaka-tsaki. Idan ka ɗaga kyamara sama da gilashi mai faɗin gani, itatuwan cipresso za su karkata kamar za su faɗo wa juna. Gara ka ja da baya ka yi amfani da gilashi mai milimita 50 zuwa 85, kyamarar a daidaice. Ruwa kuwa, ƙiftawar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye tana tsayar da ɗigo ɗaya-ɗaya, kashi ɗaya cikin 8 ko cikin 15 kuma tana mai da shi kamar zare. Ka kuma duba inda gangaren ke kallo. Na Villa d'Este yana fuskantar arewa maso yamma, don haka da safe yana cikin inuwa, da la'asar ne hasken ke shigarsa.

Akwai batun doka. Tun 2014 an yarda baƙo ya ɗauki hoto a wuraren tarihi na gwamnati don amfanin kansa ko karatu, muddin ba don riba ba, kuma ba tare da abin girke kyamara mai ƙafa uku ko fitila ba. Hoton kasuwanci, na biki, ko tashin jirgi marar matuƙi, duk sai da izini a rubuce, galibi da kuɗi. Lambunan da ke hannun iyalai kowanne da ƙa'idarsa, a tambaya kafin a je.

Ba shi ne lambun da masu shi suka gani ba

Nan ne mutane da yawa ke mamaki. Wannan kore zalla da muke ɗauka shi ne ainihin lambun Italiya, rabinsa aikin zamani ne. A ƙarni na 16 fangalin cike suke da furanni, da ganyayen ƙamshi da na magani, da gajerun itatuwan marmari, an kewaye su da ƙananan shingayen katako da rumfunan inabi. Waɗannan su ne suka fara mutuwa da kuɗi ya ja baya. Abin da ya jure sakaci shi ne dutse da itatuwa masu taurin rai. Zanen bosso mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake ɗauka a hoto a Villa Lante ma an yi shi ne a ƙarni na 17, bisa yayin Faransa. Babbar maɓuɓɓugar Neptune da ta fi fitowa a hotunan Villa d'Este kuwa a 1927 aka gina ta.

Yadda aka san haka shi ne ta hoto, kuma a nan sana'arka ta haɗu da ta masu lambu. Étienne Dupérac ya zana Villa d'Este a 1573. Giusto Utens ya zana gidajen gonar iyalin Medici, masu mulkin Fulorans a lokacin, daga sama wajen 1599, 14 daga cikin zanen suna nan, ana iya ƙirga fangali da layukan itatuwa a cikinsu. Daga baya kamfanin hoto na Alinari, wanda aka kafa a Fulorans a 1852, ya tara hotunan da ke nuna tsayin shinge da girman itace a shekaru daban-daban. Mai gyara yana jera waɗannan da takardun kashe kuɗi na gidan, sannan ya yanke shawara. Sai dai zane ma yana da nasa ruɗin: na Dupérac ya nuna har da sassan da aka yi niyya amma ba a taɓa ginawa ba.

Wace shekara za a mayar da lambun, 1570 ko 1700 ko 1900? Yarjejeniyar Fulorans ta 1981 kan lambunan tarihi ta kira su abin tarihi mai rai, ta kuma ce kada a fifita wani zamani a share wani sai da ƙwaƙƙwarar hujja. A aikace wannan na nufin galibi ana riƙe abin da aka tarar. Misalin da ya fi nuna wuyar lamarin shi ne layin Maɓuɓɓugai Ɗari na Tivoli. Asali akwai sassaƙe-sassaƙen labaran Rumawan da a jikin bangon. Ruwa da farar ƙasa da tsirrai sun cinye su, gansakuka da ƙananan ganyaye suka lulluɓe wurin, yau kuma wannan koren lulluɓin shi ne abin da kowa ke zuwa ɗauka. A kankare shi duka, an ɓata abin da jama'a suka sani. A bar shi ya yi yadda ya so, saiwa ta ci gaba da cin bango. Sai a riƙa rage shi da hannu, ana buɗe bakin bututu, ana barin saura.

Aikin shekara

Shinge shi ne ya fi cin hannu. Ana yi wa bosso aski bayan tohon farko ya yi ƙwari, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sannan a sake shafawa kaɗan a ƙarshen Agusta ko Satumba. Ana kafa turaku a ja igiya a tsayin da ake so, wani wurin da ma'aunin katako da aka yanka daidai siffar shingen. Gindi ya ɗan fi sama faɗi, domin haske ya kai ga rassan ƙasa, in ba haka ba ƙasan ya zube ya bar ƙafafu tsirara. Ba a aski da tsananin rana, saboda ganyen ciki da aka tone bai saba da ita ba, zai ƙone ya yi ja. Ana shimfiɗa tsumma a kwashe abin da aka yanke, a kuma goge almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma wani fangali. Bosso ba ya sauri, 'yan santimita yake ƙarawa a shekara, don haka kuskuren minti ɗaya da injin aski yana iya ɗaukar shekara uku kafin ya rufe. Dogayen shingayen leccio da rumfunansa, irin na Boboli, sai da tsani ko dandamali, a ɗaure sababbin rassa a lanƙwasa su bisa baka. Wasu daga cikin kurmin Boboli ma asali don farauta aka dasa su, ana kafa raga a ciki a kama ƙananan tsuntsaye, sunansu ragnaie.

Sai lemu. A Toskana, yankin da Fulorans take, sanyin hunturu yana kashe lemun tsami, don haka a manyan tukwanen ƙasa ake renonsa, waɗanda aka fi sani su ne na garin Impruneta saboda jure ƙanƙara. A Villa di Castello da ke gefen Fulorans akwai tukwane kusan 500. Wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake kwashe su zuwa wani dogon ɗaki mai manyan tagogi da ake kira limonaia (na Boboli an gina shi a 1777 zuwa 1778), sai Afrilu ko farkon Mayu a fito da su a ɗora kowacce a kan dutsenta. A cikin ɗakin ana rage ban-ruwa sosai, ana buɗe tagogi duk ranar da sanyi ya sassauta. Abin da ya fi kashe su shi ne yawan ruwa, saiwa ta ruɓe, sai kuma ƙwarin nan masu manne wa reshe da ke yaɗuwa idan iska ba ta ratsawa. Ganye ya yi rawaya jijiyarsa na kore, alamar ruwan na da farar ƙasa da yawa ne, itacen ya kasa shan sinadarin ƙarfe. Bayan 'yan shekaru ana ɗaga itacen da ƙugiya, a aske saiwar gefe, a zuba sabuwar ƙasa a mayar da shi tukunyarsa. Takin gargajiyarsu niƙaƙƙen waken lupini ne.

A cikin lemun nan akwai wani da ake kira bizzarria, wanda ya samo asali daga aure tsakanin lemu mai ɗaci da wani nau'in babban lemun tsami. Itace ɗaya yana ba da 'ya'yan wannan, da na wancan, da waɗanda suka haɗa biyun a jiki ɗaya. An bayyana shi a rubuce a 1674, daga baya aka ɗauka ya ɓace, sai a 1980 Paolo Galeotti, mai kula da lambun Castello, ya gane wani toho nasa ya sake aurar da shi. Ba ya fitowa daga iri, kuma idan ba a cire rassan da suka koma lemu mai ɗaci zalla ba, su za su rinjaye shi. Wato sai da idon da ya san abin da yake kallo.

Ruwa kuma nasa aikin ba ya ƙarewa. Yankin Tivoli shi ne mahaƙar dutsen travertino, ruwansa cike yake da farar ƙasa. Tana taruwa a cikin bututu tana rage masa faɗi, tana toshe ƙananan bakuna, sai ka ga tsiri ɗaya ya gajarta ko ya karkace. Ana bin bakunan ɗaya-ɗaya ana sokewa, ana kwashe ganye daga ragar tacewa, ana zubar da tafkuna lokaci-lokaci a kwashe laka. Yoyo ya fi toshewa haɗari, domin ruwan da ya sulale a bayan bangon da ke tare da ƙasa yana jiƙa ta, nauyi ya ƙaru, bango ya kumbura. Tsoffin bututun na darma ne ko na ƙasa, kuma ba kowanne ne aka san ainihin inda ya bi ba sai an bincika. Fari ma ya shigo cikin lissafi: a Yulin 2017 fadar Vatikan ta rufe maɓuɓɓuganta kusan 100, har da na cikin lambunanta, saboda ƙarancin ruwa, a 2022 kuma arewacin ƙasar ya sha fari mai tsanani.

Dutse iri-iri ne kuma kowanne da cutarsa. Dutsen peperino na Villa Lante da na lambun Bomarzo mai laushi ne, yana shan ruwa, ƙanƙara ta fasa shi. Ƙarfen da magabata suka ɗaure sassan mutum-mutumi da shi yana tsatsa ya kumbura ya tsaga dutsen daga ciki, don haka ake musanya shi da wanda ba ya tsatsa. Gyara da siminti kuskure ne da aka yi ta yi a ƙarnin da ya wuce: ya fi dutsen tauri, yana riƙe danshi, yana kuma kawo gishiri. Kwaɓin farar ƙasa ake amfani da shi yanzu. Ba a wanke mutum-mutumi da ruwa mai ƙarfin feshi, sai buroshi mai laushi da maganin kashe gansakuka daidai gwargwado. Masu daraja sosai kuwa an shigar da su ɗaki. Mutum-mutumin bayi da Michelangelo ya sassaƙa, waɗanda a da suke kogon Buontalenti a Boboli, an mayar da su gidan tarihi na Accademia tun farkon ƙarni na 20, abin da ke kogon yanzu kwafi ne.

Baƙin cututtuka

Abin da ya fi tayar wa masu lambu hankali a shekarun nan shi ne tsutsar bosso, Cydalima perspectalis. Daga gabashin Asiya ta zo, aka fara ganinta a Jamus wajen 2007, cikin 'yan shekaru ta iso Italiya. Koriya ce mai baƙin kai, tana kai santimita 4. Daga cikin shingen take fara ci, shi ya sa kafin a lura daga waje ta riga ta yi ɓarna, idan ganye ya ƙare kuma ta koma ɓawo, reshen ya mutu. A ɗumin Italiya tana haihuwa zuriya uku ko fiye a shekara. Maganinta sa ido ne. Daga Maris ake buɗa shinge da hannu ana neman saƙa irin ta gizo-gizo da koren kashi, a rataye tarkon ƙamshi da ke kama mazan don a san lokacin da suke tashi. Kwana kaɗan bayan haka ƙwai ke ƙyanƙyashewa, a lokacin ake fesa Bacillus thuringiensis, ƙwayar halitta da ke kashe tsutsa idan ta ci ganyen. Da yamma ake fesawa domin rana na lalata shi, a tura bakin feshin har cikin shingen, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Yawan da za a dama yana jikin kwalin kowane kamfani, shi za a bi. Idan tsutsar ta girma, maganin ba ya cin ta sosai.

Ga kuma cutar funfuna da ke sa ganyen bosso ɗigo-ɗigo da baƙin zane a reshe, wadda danshi da ban-ruwa ta sama ke yaɗawa. Shi ya sa aka koma ɗiga ruwa a gindi. Inda abin ya gagara ana tunanin musanya bosso da wani tsiro, amma kowanne da aibinsa. Ilex crenata ya yi kama da shi, sai dai ba ya son ƙasa mai farar ƙasa. Mirto ba ya jure tsananin sanyi. Lonicera na saurin girma, aski biyu ba ya isar ta. Tasso yana da kyau amma korensa ya fi duhu, hoton wurin ya canza.

Cipresso ma yana da tasa, funfunar Seiridium cardinale, wadda aka fara gani a Italiya a 1951. Alamarta ƙaro na tsiyaya daga ɓawo da reshe da ya bushe ya yi ja. Ana sare reshen can ƙasa da inda cutar ta tsaya a ƙone shi, sababbin dashe kuma ana zaɓar nau'in da aka tace don juriya, irin wanda ake kira Bolgheri. Tsufa da guguwa na yin nasu: a ranar 23 ga Agustan 2020 iska ta kayar da shahararren cipresso na lambun Giusti a Verona, wanda ake dangantawa da ziyarar marubucin Jamus Goethe ta 1786. Matsalar layin itatuwa ita ce idan ɗaya ya faɗi aka dasa ƙarami, manyan na gefe su hana shi haske. A sare layin duka a sake dasawa kuwa, an rasa kyan wurin na shekara 30. Babu zaɓi mai daɗi a nan, kowane lambu da yadda yake yanke hukunci bayan masana itace sun duba lafiyar kowane gindi.

Masu shi da masu biya

Kashi uku ne. Villa d'Este, Villa Lante, Boboli, Castello da Caserta na gwamnati ne, a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. Isola Bella har yau na iyalin Borromeo ne, kuɗin shiga na baƙi ke taimakawa wajen riƙe shi, ana kuma rufe shi a hunturu, lokacin da ake manyan ayyuka. Sai na gidauniyoyi: FAI, wadda aka kafa a 1975, ita ke da Villa del Balbianello a tafkin Como, inda masu hawa da igiya ke yi wa wani babban leccio aski ya zama kamar laima. Ninfa kuma, lambun da iyalin Caetani suka fara a 1921 a cikin kangon wani tsohon gari, yana hannun gidauniyar Roffredo Caetani, kuma ranaku ƙididdigaggu kawai ake buɗe shi, a shiga rukuni-rukuni da ɗan rakiya. Wannan ma hanyar kula ce, domin tafin ƙafa dubbai na danne ƙasa ya hana saiwa numfashi. Ko lambun na waye, in dai an yi masa rajistar tarihi, dokar kayan al'adu ta 2004 ta hana a canza shi sai da izinin hukumar da ke sa ido.

Ta fuskar kuɗi, tun 2014 akwai tsarin Art Bonus da ke mayar wa mai ba da gudummawa ga kayan tarihi na gwamnati kashi 65 cikin 100 ta hanyar ragin haraji. Bayan annobar korona, shirin farfaɗo da tattalin arziki ya ware yuro miliyan 300 don lambuna da wuraren shaƙatawa na tarihi, ciki har da Caserta da Villa Lante, aka kuma keɓe wani kaso don horar da masu lambu na musamman, kwas mai sa'o'i 600. Wannan horon, a nawa ra'ayin, ya fi sauran muhimmanci. Kuɗin babban gyara yana zuwa sau ɗaya, a yi biki a ɗauki hoto. Albashin mai aski da mai soke bututu kuwa kowane wata ne, kuma shi ne ya fi wuyar samu. Inda aka mayar da aikin kwangila, ma'aikata na canzawa duk bayan 'yan shekaru, sai a rasa mutumin da ya san wace kusurwa ce ruwa ke kwanciya da wace tukunya ce ba ta son rana.

Adadin ma'aikata da kuɗin shekara sun bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, haka ma lokacin aski da fitar da lemu yana matsawa da mako biyu ko uku tsakanin tafkunan arewa da Napoli. In za ka je don hoto, Mayu zuwa tsakiyar Yuni ne lemu ke waje, ruwa na da ƙarfi, wardi na fure, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan aski na biyu, lokacin da rana ta yi ƙasa kuma jama'a sun ragu. Ka duba shafin kowane lambu kwana ɗaya kafin tafiya, domin a Tivoli idan aka yi ruwan sama mai yawa kogin ya ɗauko laka, akan rufe maɓuɓɓugan har sai ya lafa.